Abin da Birki Yake Ci

Duk wanda ya saba sauraron labaran rana ya san jimlar tun kafin mai karantawa ya kai ƙarshenta: mota ta taso daga gari kaza za ta gari kaza, birki ya tsinke, ta ƙwace wa direba. Daga nan sai adadin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, sai sunan asibitin da aka kai sauran. Mu kuma mu yi salati, mu ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Addu'ar tana kan hanya, ba ni da ja a kanta. Inda nake da ja shi ne kalmar nan ta tsinkewa, domin ta daɗe tana sauke mana nauyin da namu ne.

A kunnen Bahaushe, abin da ya tsinke ɗazu yana nan lafiya lau, ƙiftawa da bismillah sai ga shi gida biyu. Idan ka ce birki ya tsinke, ka shaida wa mai sauraro ke nan cewa da safe ƙalau yake, babu mahaluƙin da zai iya hango abin da zai faru da azahar. Amma duk wanda ya taɓa cire tayar mota ya leƙa abin da ke bayanta ya san ba haka birki yake mutuwa ba. Jinya yake yi ta watanni. Da farko wata 'yar siririyar ƙara in an taka, daga baya ƙarfe ya fara gurzar ƙarfe, feda ta riƙa nutsewa fiye da yadda ta saba, mota ta riƙa karkata gefe guda. Hatta tiyon roba mai kai man birki, wanda shi ne ake iya cewa ya fashe farat ɗaya, yakan daɗe yana tsattsagewa yana kumbura a gaban idon duk wanda ya sunkuya ya duba. Haka ma "ta ƙwace". Ƙwace sai mai niyya, mota kuwa ba ta da niyyar komai.

Babu inda maganar nan take yi mini nauyi kamar kan hanyar da ta haɗa Paraku da Jugu a arewacin Jamhuriyar Benin, tafiyar kusan kilomita 135, domin garuruwan nan biyu da tsayawar matafiya suka yi arziki. Tun ana tafiya da jaki da takarkari, fataken Kano da Katsina da Sakkwato masu zuwa Gwanja sayen goro ta ƙasar Borgu suke ratsawa: su haye Kwara, su biyo ta Nikki, su yada zango a Paraku, su sake yadawa a Jugu, wadda magabata ke kira Zugu, kafin su miƙa Salaga. A 1826 Baturen nan Clapperton ya tarar da ayarin Hausawa a Kaiama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, ga dabbobin kaya kusan yawan haka. Ayari irin wannan ba gudu ne ke kai shi gida ba. Rabin ilimin madugu na tsayawa ne: ina ruwa, ina ciyawa, wane sarki za a gaisar, yaushe za a sauke wa dabbobi kaya a duba bayansu tun miki bai zama gyambo ba. Unguwar Wangara a Jugu, kusa da fadar Kilir, da Zango a Paraku, duk masaukan baƙi ne da suka zama gida.

Zuwan ƙarfe bai canja wa Paraku hali ba. Faransawa sun shimfiɗo layin dogo daga Kwatano, kilomita 438, ya iso garin a 1936, nan ya tsaya bai ƙarasa Nijar ba. Saboda haka kayan da jirgi ya kawo sai a sauke a loda wa manyan motoci, su bi ta Kandi zuwa Malanbil, su haye Kwara zuwa Gaya, daga nan Doso da Yamai da Maradi. Inda direbobi suka taru kuwa, nan gareji yake tsirowa.

Yawancin ƙananan motocin da ke bin hanyoyin nan sun yi wata rayuwa a wata ƙasa kafin su zo. A Kano da Katsina kwatano muke ce musu, da sunan tashar ruwan da aka sauke su. A Benin ana ce musu waɗanda suka zo daga Faransa, ko da daga Jamus ko Beljiyam suka fito. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a rahotonta na 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo, wani kaso kuma ta Paraku ya wuce arewa. To, tsaya ka saurari mai saye yana zagaya mota. An taɓa injin? Tana shan mai? Sanyin yana aiki? Fentin na asali ne? Ya tayar, ya ba ta wuta, ya kasa kunne. Yabon mota a bakinmu duk na tafiya ne: tana tashi, tana cin hanya, ba ta jin hawa. Da wuya ka ji an yabi mota da iya tsayawa.

Ga shi kuma wanda ya ƙera ta da mutum huɗu ko biyar ya yi lissafi, da 'yar jaka a but. A irin wannan lodi birkin gaba ke yin mafi yawan aikin, na baya taya shi yake yi. A tashar Jugu kuwa za ka ga mota maƙare da fasinja, but a buɗe an ɗaure shi da igiya a kan buhunan doya ko kashu, bayanta ya zauna har yana neman shafar taya. Wannan nauyi duka ƙafafun baya ne ke ɗauke da shi, ga jar ƙurar hunturu mai shiga ko'ina, ga ruwan damina kwance cikin ramuka. Shi ya sa ƙafar baya, wadda aka fi mantawa da ita, ta cancanci a zauna a kanta.

Ɗauki Peugeot 307 ko Renault Mégane. A cikinsu faifan birkin baya da boris a haɗe suke zuwa, in ɗaya ya mutu tare ake canja su. Aikin yana farawa tun taya tana ƙasa: a sa giya, a sa waigi a tayoyin gaba, a sassauta notocin taya, a saki birkin hannu. Sannan a ɗaga da jak, a tura matokarin ƙarfe a ƙarƙashi, a sauke nauyin a kansa. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a ba shi amanar kan mutum ko ƙafarsa. Da taya ta fita, ga faifan nan, ga ƙarfen da ya rungume shi ta gefe wanda makanikai ke kira kalifa, a cikinsa takalman birki biyu, ɗaya ciki ɗaya waje. A garejin Paraku plaket za ka ji ana ce wa takalman, boris kuma rulma. Noti biyu ke riƙe da kalifa ta baya. In ka kwance ka zare shi, kada ka sake shi yana reto a jikin tiyo. Samo 'yar waya ka rataye shi a sifirin. Tiyon da aka bari ya ɗauki nauyin ƙarfe yau, shi ne gobe zai fashe a gangara a ce ya tsinke.

Ɗauki tsohon takalmin ka kai shi hasken rana. Sabo yana zuwa da nama mai kaurin kusan santimita 1. In ya rage milimita 2 ko 3, ya gama nasa. In na ciki ya fi na waje sirancewa, fil ɗin da kalifa ke zamewa a kansu ne suka ƙafe, sai an zare su an goge an shafa irin giris ɗin da ba ya kumbura roba. Bi fuskar faifan da ɗan yatsa, za ka ji zane-zane masu zurfi, da leɓen da ya taso a baki inda takalmi bai kai ba. A jikin faifan maƙerinsa ya buga lambar kaurin da bai kamata a gangara ƙasa da shi ba. Baƙar ƙurar da ta taru a wurin kada a hure ta da baki, don tsofaffin takalma da wasu masu araha suna ɗauke da asbestos mai lahanta huhu. Tsumma mai danshi ya wadatar.

Daga nan a kwance mazaunin kalifa, a ɓamɓare murfin tsakiya, babban noti ya bayyana. Shi ne mai gwada haƙurin mutum. Da ya fita, faifai da boris ɗinsa su zaro tare. A goge sandar har ta yi ƙyalli. Sabon faifai yana zuwa da wani mai da aka shafa masa saboda tsatsa, dole a wanke shi tas. A bayansa akwai zobe mai maganaɗisu wanda na'urar ABS ke ƙidaya juyawar taya da shi, don haka ba a ajiye shi a ƙasa inda garin ƙarfe yake. A zura shi a miƙe, da hannu, ban da guduma. Sabon noti za a sa, a ɗaure shi da sifana mai awo daidai ƙarfin da littafin motar ya faɗa. Al'adar da aka fi sani ita ce a zura dogon bututu a sifana, yaro ya hau yana dannawa har maigida ya ce ya isa. Boris ba ya son haka. In ya yi sako-sako zai yi wasa ya lalace, in ya matsu fiye da ƙima zai ɗau zafi ya lalace.

Akwai kuma wuri guda da ƙarfi ke ɓata aikin baki ɗaya. Fistin ɗin kalifar gaba tura shi ake yi ya koma. Na baya, da yake birkin hannu ta cikinsa yake aiki, yana da zare irin na noti, murɗa shi ake yi ana dannawa sannu-sannu har ya shige, ana kuma sa ido a tankin man birki don man yana komawa sama. Yaro sabon shiga zai miƙa hannu wajen guduma, sai ka ji an daka masa tsawa: "Kai, ajiye! Wannan murɗawa ake yi." Ya ce, "To, Maigida." Daga ranar ya sani har abada.

Wanda ya riƙe siraran takalman nan a tafin hannunsa zai gane cewa muna da wata kalma da ta faɗi gaskiya, kuma kullum tana bakinmu. Direba in yana yabon birkinsa cewa yake yi yana ci. In ya lalace ya ce ba ya ci. Makanike in ya zare takalmi ya ce ya cinye. Kalma ɗaya ce, kuma haka abin yake a jikin ƙarfen. Mota mai nauyin kilo 1,300 da ke gudun kilomita 100 a awa tana wuce kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ƙarfin wannan gudu ba ya ɓacewa don an taka feda, zafi yake komawa, zafin da zai tafasa ruwa lita ɗaya da rabi, cikin 'yan daƙiƙu, a jikin faifai huɗu. In gudun ya ninka biyu, zafin ya ninka huɗu, haka ma nisan da za ta ƙara kafin ta tsaya. Kowace tsayawa sai takalmi ya ba da ɗan jikinsa, faifai ma ya ba da nasa, kamar dutsen niƙa da ɗansa, waɗanda ba sa ba da gari sai sun rage. A kan wannan fahimta Herbert Frood ya kafa sana'arsa a Ingila a 1897: a sa wa birki abin da zai kama, ya cinye, a canja shi. Sunan kamfaninsa, Ferodo, har ya zama sunan abin a Faransanci. Frederick Lanchester ya yi rajistar birki mai faifai a 1902, Citroën DS ta fito da shi kasuwa a 1955, salun ɗin Peugeot 504 ta 1968, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ta zo da faifai a ƙafa huɗu. Duk wannan ci gaba bai kawo takalmin da ba ya cin kansa ba. Saboda haka wanda ya ce birkinsa yana ci ya riga ya amsa da bakinsa cewa yana ƙarewa, kuma abin da ke ƙarewa sannu-sannu ana iya auna shi.

Man birki ma yana da nasa tsufan, ko da ido ba ya gani. Yana tsotsar danshi daga iska. Sabon mai irin DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, wanda ya sha danshi kuwa yana iya tafasa a 155. A doguwar gangara irin ta duwatsun Atakora wajen Natitingu, mota da lodi, ƙafa a kan birki tun daga sama, sai man ya tafasa ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa babu komai. Da yawa daga abin da ake kira tsinkewa wannan ne. Maganinsa canja man duk shekara 2, da sauka gangara da ƙaramar giya.

Boris kuwa, da ke zaune tazarar 'yan yatsu daga takalman, aikinsa kishiyar nasu ne: su gogayya suke nema, shi hana ta yake yi. Shi ma ba ya mutuwa shiru. Cewa muke yi mota tana kuka, kuma daidai ne, domin kuka kira ne. Gurnani ne da ke ƙaruwa in gudu ya ƙaru, ya canja murya in an sha kwana. In ka ɗaga motar ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza, za ka ji tana wasa. In ka juya ta da hannu za ka ji gurza. Tayar da ke wasa tana ture takalman birki baya, sai feda ta ƙara tsawo. In aka ci gaba da tafiya a haka, ya ɗau zafi, ya ƙafe, wani lokaci taya ta fice ta bar motar.

To me ya sa ake jin kukan a wuce? Amsar tana cikin wata kalma mai taushi da nake girmamawa, wato lallaɓawa. "Malam, lallaɓa mini ita zuwa bayan an sayar da auduga." Mai faɗin haka ba mugu ba ne. Faifai biyu da boris ɗinsu da takalma kuɗi ne mai nauyi ga wanda motar ce gonarsa. Tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, man kwalba da ake kira kpayo a Benin ya tashi. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 iyaka ta rufe a Malanbil, aiki ya ja baya ga direbobi da yawa. Da lallaɓawa talaka yake riƙe gidansa, da ita ake tafiya da tsoho da majinyaci. Ana iya lallaɓa kujerar da ta yage, da gilashin da ba ya sauka, da fentin da ya koɗe, don wahalarsu a kan mai motar take tsayawa. Birki kuwa ba nasa ne shi kaɗai ba. Matar da ta biya kuɗin mota a tashar Paraku da goyo a bayanta ba a yi shawara da ita ba, haka yaron da ke tsallaka titi a ƙauyen da ke kan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowa asara. Gudu da barci da lalacewar hanya duk suna da kasonsu a ciki. Kason birki shi ne wanda ake iya ragewa a tsakar gida da sifana. A Benin hukumar CNSR ce ke duba lafiyar motoci ta ba da takarda, kuma abu ne mai kyau, sai dai takarda shaidar ranar da aka duba ce, takalmi kuwa kullum ci yake yi.

Ba kowa ne ya kamata ya buɗe birkinsa da kansa ba. Wanda ba shi da kayan aiki, ko bai taɓa yi a gaban wanda ya iya ba, ya kai wa masu sana'ar, mutanen da suka yi shekaru a ƙarƙashin maigida kafin a yaye su, a Benin ma har da biki da takarda. Abin da nake roƙo kawai shi ne kada ya miƙa makulli ya tafi shan shayi. Ya tsaya. Ya ce a ba shi tsohon ya riƙe, ya jera shi da sabon, ya duba kwalin da kyau, don jabu ma da sanannen suna yake zuwa. In kuwa yana da hali da natsuwar yi da hannunsa, ribarsa ta wuce kuɗin aikin da ya rage masa, domin daga ranar kunnensa ya buɗe, duk ƙarar da ta fito daga baya ya san daga ina take.

In an gama ɓari ɗaya, aiki rabi aka yi. Birki ƙafa biyu ake canja shi rana ɗaya, dama da hagu, in ba haka ba sabon zai fi tsohon kamawa ya ja motar gefe. Nan ne ake yawan ja-in-ja: "Ɗayan ai da sauransa." Makaniken kirki zai ce, "Alhaji, yi haƙuri, ba na yin ɗaya." Bayan an mayar da tayoyi an sauke, kafin motar ta motsa ko taku ɗaya, a taka feda sau da yawa har ta yi tauri, domin fistin ɗin da aka murɗa ciki bai dawo ya taɓa takalmi ba tukuna, takawar farko iska ce. A ja birkin hannu a saki, a maimaita. A duba man. A gwada a fili inda babu mutane. Kilomita 200 na farko a bi ta a hankali, ban da cin birki da ƙarfi sai dole, har takalmi ya zauna a fuskar faifai. In daga Paraku ka nufi Jugu, tsaya a Beteru wajen gadar kogin Weme, ka sake bin notocin taya da sifana, ka kai bayan hannunka kusa da kowace tayar baya ba tare da ka taɓa faifan ba. In ɗaya ta fi ɗaya zafi, ko ka ji ƙauri, Jugu ta jira tukuna, a sake ɗaga motar a buɗe.